Dakalin wankan Malam

Cikin duk ayyukan da na yi a gidajen gwamnati, ranar da ba na mantawa da ita ita ce wadda muka cire bahon wanka a gidan wani babban sakatare a Birnin Kebbi. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ni kuwa ina heluman magina a sashen gyare-gyare, wato ni ke raba aiki, ni kuma ake tuhuma in ya lalace.

Sakataren ya ɗauko mahaifinsa daga Gulma don ya zauna kusa da asibiti. Tsoho ne malami, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye. Bahon nan kuwa irin na Turawa ne, ba mai shiga cikinsa, sai dai a jiƙa wanki. Malam ba ya iya tsallaka shi sai an cicciɓe shi, abin da ya tsana ke nan. Ya ce in haka za a riƙa yi masa, a mayar da shi gida ya mutu da mutuncinsa.

Sakataren ya ce mini, "Heluma, in tsohon ga ya koma Gulma, ya bar magani ke nan. Ka yi mini ƙoƙari."

Ƙa'idar aikin ita ce a rufe ruwa, a fasa gindin baho, a fitar da shi, sannan a karkata daɓe zuwa magudana. Muka yi hakan, wuri ya buɗe fal. Mai famfo ya kafa shawa da ƙaramin famfo a ƙasa, ni kuma na gina dakalin zama kamar yadda sakataren ya nuna. Ya yi kyau, har ina jin kaina.

Muna cikin shafe sai ga Malam ya dogaro sanda, ya ce sai ya gani. Raina ya ɗan sosu, don ba na son a taka mini ɗanyen siminti. Ya daɗe yana kallon dakalin.

"Yaro, ina gabas take nan ciki?"

Na nuna bangon da ke fuskantar dakalin. Ban sauke hannu ba na gane kuskurenmu.

"To ni ba ni tuɓewa ina huskantar alƙibla. Wanga abu da kunka yi, ku zauna bisa kayanku."

Na danna simintin da yatsa, sai ya lotsa. Wallahi ban san lokacin da na yi hamdala da ƙarfi ba.

Na ce, "Baba, bai kama ba tukuna. Nuna mini inda kake so."

Ya buga sandarsa a gefen kudu. Nan take muka kwance bulo muka sake jerawa, shi yana tsaye yana gyara mana kamar shi ne heluman.

Ranar Juma'a na koma duba magudana. Na tarar da sakataren a bakin banɗaki, ana jin ƙarar ruwa daga ciki. Ya ce mini a hankali, "Shi kaɗai ne a ciki. Ya hana ni shiga." Idanunsa sun kawo ruwa, ni ma na ji sanyi a raina.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa, wanda ya ba da aiki daban, wanda zai yi wanka a wurin daban. Ku nemo shi ya gani tun simintinku na ɗanye.