Jinin Da Na Bayar Da Sunanta

Ranaku da yawa sun shige ba su bar min komai ba, amma ranar da na miƙa hannu aka ɗebi jinina da sunan 'yar'uwata tana nan daram, kuma na san ba za ta bar ni ba har in koma ga Mahaliccina.

Mu tagwaye ne, irin waɗanda ko mahaifiyarmu sai da ta ɗaura wa ɗaya zare a hannu kafin ta riƙa bambance mu. Tun muna yara muka saba tsaya wa juna. Ta sha min bulala a makaranta, ni kuma na rubuta mata jarrabawar lissafi. Da muka girma sai hanya ta rabu. Na samu aikin buga takardu a wani ofis a Samaru, ita ta yi aure a Sabon Gari, ta kafa rumfar abinci a Chikaji tana ciyar da ma'aikatan kamfanoni. Fiye da shekara ashirin tana tsaye kan murhun itace tun asuba, abincinta ƙanzo da lemon kwalba, barcinta bai taka kara ya karya ba. Ni kuwa ina ƙarƙashin fanka, kuma da ƙafa nake zuwa aiki.

Muna da shekara arba'in da shida ta fara ramewa. Ruwa ba ya isarta, fitsari ba ƙaƙƙautawa. Mijinta, mutum ne mai naci, ya yanko mata kati a wani asibiti kusa da ofishinmu, ya ce lallai ta je a gwada suga. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ta ja ni gefe ta cusa min katin a jaka.

"Ke dai taimake ni, 'yar'uwa. In na rufe rumfa gobe, masu cin abincina wajen wata za su koma. Je ki a ɗibi naki, ki kawo takarda in nuna mishi ya shafa min lafiya."

"In aka gane fa?"

"Wa zai gane? Ai jininmu ɗaya. Abin da ke jikinki shi ke jikina."

Ban yi gardama ba, don ni ma haka na yarda. Ban ma ɗauke shi ƙarya ba, a ganina rage mata wahala na yi. Washegari na je ban karya kumallo ba kamar yadda aka rubuta, aka kira sunanta na amsa, aka soka min allura. Takarda ta fito lafiya lau. Har da rawar jiki na hau mota na kai mata Sabon Gari da kaina. Mijinta ya duba ya ce, to, mun gode Allah, ashe gajiya ce.

Bayan wata takwas tsinin itace ya soke ta a babban yatsan ƙafa. Ɗan ciwo ne da bai kai a faɗa ba, amma ya ƙi warkewa. Aka yi ta wankewa da ruwan gishiri, sai da wurin ya yi baƙi ya fara wari aka kwashe ta zuwa asibitin nan dai. Likitar, wata mata mai gilashi da ba ta ɗaga murya, ta ce sugan ya daɗe yana cin ta, yanzu ƙoƙarin da ake yi shi ne kada a yanke ƙafar. Sai ta buɗe fayil, ta tsaya kan tsohuwar takardar tana juya ta.

"Wannan sakamakon bai yi kama da wannan jikin ba," in ji ta. Ta dubi maras lafiya, ta dube ni. "Wacce a cikinku ta zo ran nan?"

Na ce ni ce. Mijin ya tashi ya fita.

Ban san inda na samo bakin kare kaina ba, amma na ce, "Likita, ai mu tagwaye ne, komai namu ɗaya."

Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce gaskiya ne ƙwayoyin gadon da muka ɗauko daga iyaye iri ɗaya ne, amma a kansu akwai 'yan alamomi masu kunna wasu su kashe wasu, kamar gidaje biyu da aka ja wa wayar wuta iri ɗaya amma kowanne da fitilun da ke ci. Abinci, hayaƙi, rashin barci, damuwa da shekaru duk suna taɓa alamomin nan. Tagwaye kan faro kusan daidai, sannan su yi ta nisa da juna ba su sani ba.

"Ke ma ba ki tsira ba, ki riƙa zuwa gwaji," ta ce. "Amma jininki ba ya ba da labarin kowa sai naki."

An ceci ƙafar, yatsu uku suka tafi. Tsayuwar wuni ta gagare ta, rumfar ta koma hannun wata. Mijinta ya yi shekara bai amsa gaisuwata da kyau ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ita kam ba ta taɓa zargina ba, duk lokacin da na ɗauko maganar sai ta ce, "Ni na aike ki." Wannan bai sanyaya min rai ba, don ranar da za a sallame ta na bi likitar har bakin ƙofa na tambaye ta ko wata takwas ɗin nan da sun canza wani abu. Ta ce, "Da sun canza."

Abin da na koya shi ne akwai taimakon da cuta ne, kuma jiki ba a yi masa wakili. Yanzu duk wanda ya ce in je in faɗa wa likita ciwonsa a madadinsa, sai in ce ya sa takalmi mu tafi tare.