Saniyar da Aka Yanke Daga Sinimar Yaya Ari

A bazarar 1975, wata ranar Alhamis da ba a zuwa lakwal, wato makarantar boko, yayana Ari ya aza kwalin sabulu kan turmin da na kife a gindin aduwar gidanmu a Gure. Ya huda wa kwalin taga a gaba, ya soka kara biyu, sama da ƙasa, ya naɗe musu doguwar takarda. In ya murza karan sama, sai zane-zane su riƙa wucewa ta tagar ɗaya bayan ɗaya. Ita ce sinimarsa. Mushensu, wato malaminsu, shi ne ya ce kowane ɗan ajin ƙarshe ya shirya tasa, wadda ta fi kyau a nuna wa iyaye ranar rufe lakwal, amma kafin a kai masa kowa ya fara nuna wa sa'o'insa ya ji ta bakinsu.

Ni ba a sa ni lakwal ba, amma da hannuna a aikin. In na dawo daga rijiya nakan bi ta inda ake gini in tsinto takardun buhun siminti, in kakkaɓe, in danne su ƙarƙashin tabarma su miƙe. Ni ke jiƙa masa ƙaro a sakaina yana liƙa su baki da baki, ni ke sato masa shunin wankin Inna. Da gawayi da alli da jar ƙasa ya yi sauran.

Labarinmu ya zana, yadda fari ya taso mu daga wajen Kelle shekara biyu kafin nan. Ga rugarmu, ga jakin da aka ɗora wa tukwane, ga ni da akuya a igiya. A tsakiya kuma ga Kyalla, saniyarmu ta ƙarshe, kwance a rairayi, Baba ya durƙusa ya ɗora kanta bisa cinyarsa yana ɗiga mata ruwan goransa. Kwana uku Yaya ya yi kan fuskar Baba kaɗai. Har tabon da ke girarsa ta hagu ya fito.

Abokansa huɗu suka zo, 'yan gari, da ƙawata Zara'u wadda muke wasan gaɗa tare. Ya murza karan a hankali yana ba da labarin har ya kai ƙarshe. Sai Lawali ɗan tela ya ce zanen kam ya yi, amma ina faɗan? Sinima ba doki ba bindiga, ai barci mutane za su yi. Wani ya ce wa zai bar aikinsa ya zo kallon mushen saniya, duk gari an gaji da ganinsu. Suka ce ya sa kaboyi, ya sa ɓarayi.

Yaya bai musa musu ba. Ni ya juya ya kalla. "Fanna, ke kika taka hanyar nan da ƙafarki. Me kika gani?"

Abin da na gani shi ne Zara'u na kallona. Lokacin ban daɗe da samun shiga cikin 'yan matan unguwa ba. Sun daina ce mini 'yar daji, sun daina tuna mini layin jar dawar agaji da muka tsaya da ƙwarya. Na hango iyayensu zaune a filin lakwal suna kallon tsiyarmu tana wucewa ta taga. Na sunkuyar da kai na ce, "Gaskiyarsu, Yaya. Cire saniyar."

Ya ɗauko rezar da yake fiƙe kara, ya yanke tsakiyar takardar, ya liƙe bakin biyu da ƙaron da ni na jiƙa. Guntun ya yar bayan ɗaki. Na ce a raina zan ɗauka in sun tafi, sai Inna ta aike ni surfe. Da na dawo, akuya ta cinye guntun, ƙafar jakin da ke gefensa kawai ta bari.

Ya sa kaboyi yadda suka ce, amma sinimar ba ta ci ba, don mutum shida suka kai irinta. Baba ya rasu shekara biyu bayan nan, bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Na sha roƙon Yaya ya sake zana shi. Sau ɗaya ya gwada, bayan mun girma, ya daɗe riƙe da gawayin, sannan ya aje ya ce fuskar ta ƙi zuwa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba, har ya bi Baba.

Yanzu autata ta cika wayarta da hotunan har kajin gida, kuma in ta haɗa ɗan bidiyonta ni take fara kawo wa. Nakan aje abin da ke hannuna in kalla har ƙarshe, ba na duban fuskar kowa kafin in amsa. Kwanan baya ta tambaye ni kamannin kakanta. Na ce mata yana da tabo a girar hagu, sai na tsaya, don iyakar abin da ya rage mini ke nan. A karatun manya na koyi riƙe alƙalami, shi ya sa na mayar da Kyalla wurinta a wannan takarda. Fuskar ce dai ban iya ba.