Kawu da Na'urarsa Mai Kuskure

Jiya jikata ta rubuta "ba" a wurin "da", sai Kawu ya faɗo mini a rai, na yi ta dariya ni kaɗai.

Lokacin da aka ba mu jihar Kebbi, 'ya'yana uku amma ban iya boko ba. Na shiga ajin manya a Nasarawa, haruffa suka yi ta rikice mini, na ce na bari.

Shekaru suka shuɗe. Kawu malamin jami'a ne, aikinsa sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda mutum ke koyo. Ya kira ni gidansa a Badariya, ɗaki na ta ƙamshin shayi mai citta. Ya shigar wa na'urar harafi, ta fito da wani daban. Ya tafa hannu har hularsa ta karkace.

"Kawu, ai ta ɓata!"

"Ta ɓata, ɗiyata, shi ya sa gobe za ta fi yau. Ke kin fi ta kunya ne kawai."

Washegari na koma aji. Wasiƙata ta farko shi na rubuta wa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya yafe maka naka kurakuran.