Walittakar Alhaji Modu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana Alhaji Modu, dillalin kifi daga Yerwa, lulluɓe da bargo ana tsakiyar zafi ba. Lokacin ina shekarar horo, wato shekarar da sabon likita ke yi a ƙarƙashin manya kafin a sakar masa mara. Watanni kafin nan wata jijiyar jini da ta kumbura a kansa ta fashe, jini ya kwarara a kewayen ƙwaƙwalwa. Aka yi masa aiki, ya rayu. Wannan zuwan don a sake duba shi ne kawai.

Na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Na sake tambaya, domin ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Matarsa, Ya Falmata, ta karɓe zancen:

"Likita, ai wannan ya wuce sauƙi. Mutumin da ake jiyo faɗansa daga bakin kasuwa, yanzu ko ƙuda ba ya kora. Loma biyu ta ishe shi. Duniya ta fita ransa, har maƙwabta na kawo yara ya yi musu addu'a. Azumin nafila ma ya soma, ga Ramadan tafe."

Na auna shi. Jininsa ya yi ƙasa, in ya miƙe jiri ke ɗibarsa. Na sami babban likitanmu na ce, "Ranka ya daɗe, ina zargi, zargi ne fa kawai, cewa ba zuhudu ba ne."

"To Malam Zargi," in ji shi, "ka ɗebi jininsa gobe da sassafe."

Ga wanda ba ɗan aikin ba: a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake, ita ke ba da umarnin sinadaran da ake kira homon, masu riƙe da ƙarfi da ɗumin jiki da sha'awar abinci. Irin wannan zubar jini kan raunana ta a wasu mutane, ba duka ba. Gwaji ya nuna ta Alhaji ta raunana, kuma azumi a wannan hali na iya kai shi kabari. Muka dakatar da azumin, muka ɗora shi a kan magani.

"Wato ba walittaka ba ce?" in ji Ya Falmata.

"Hajiya, wannan ba fannina ba ne. Jini na auna."

Da suka dawo a sake duba shi, tun daga ƙofa na jiyo Alhaji yana zazzaga wa mai gadi masifa kan layi. Ya Falmata ta ja ni gefe.

"Ɗana, ƙwayar nan ba a rage ta zuwa rabi?"

Na yi mata bayani dalla-dalla cewa ragewa ko dainawa haɗari ne ga ransa. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, Allah ya ba mu haƙuri."

Ƙannena a aikin nan, tun ranar in aka ce mini ciwo ya gyara halin mutum, addu'a nake yi masa, sannan in ɗebi jininsa.