Mai Ja Mana Baki a Aji Uku

Shekarar da aka tura ni wata firamare a gefen Argungu, na bar maigidana da yara a unguwar Badariya, na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai bandar kifi. Sai Juma'a nake shiga mota in koma Birnin Kebbi. Sauran kwanakin daga ni sai rediyo sai hayaƙin kifi. Kewa ta ci ni ƙwarai a garin nan.

Aji uku aka ba ni. A makarantar, karatu da baki ɗaya ake yi: malami ya biya, ɗalibi ɗaya ya ja baki, sauran su amsa har kwanon rufi ya ɗauka. Mai ja mana baki wata 'yar siririya ce, 'yar manoman shinkafa, murya tar. Malamai duka sun sallama mata, ita ce gwanar aji.

Wata rana na lura mun wuce shafi, ita ba ta juya nata ba, amma bakinta bai tsaya ba. Da aka fita tara na riƙe ta, na buɗe labarin da muka saba, na rufe hoton da tafin hannu, na nuna kalma ɗaya a tsakiyar layi. Ta dubi kalmar, ta dube ni, sai ta ɗauko labarin daga farko ta zuba mini shi tas. Na nuna wata. Ita ma ta gagare ta. Ta san haruffa jefi-jefi, haɗa su ne ba ta iya ba. Ashe kunne ne ya kawo ta aji uku.

Daga nan kullum aka fita tara muna gindin darbejiya, ina rubuta gaɓa a kan yashi tana bi da yatsa. Sauran malamai na ofis suna shan kunu suna leƙenmu, har suka sa mini suna mai gyaran gangar auzinawa. Ban kula su ba, da ma ba wanda ya taɓa matsa mini benci in zauna.

Karatu ya fara shiga, amma da tsada. Yarinyar da take zuba kamar famfo ta koma tsayawa a kan kowace kalma tana cije leɓe. Yara suka samu abin dariya. Hedimasta ya sa wata ta riƙa ja mana baki. Ubanta ya zo daga fadama, laka har gwiwa.

"Malama, mi kinka yi ma ɗiyata? Da awa ruwa taka karatu, yanzu ko sai in'ina."

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Ya ce Allah shi kyauta, ya juya.

Washegari a gindin itacen ta ƙi taɓa yashin. Can ta ce, "Malama, in koma yadda nike yi? Da kowa na sona."

Na ce mata wancan ba karatu ba ne, wannan ne karatu, ko da ita kaɗai ta sani. Na faɗa da zafi, don ni ma zuciyata ta karye.

Ƙarshen zango canjin wurin aikin da na daɗe ina roƙo ya fito. Na koma cikin yarana ina murna, amma tambayarta ta bi ni har gida. Wa zai zauna da ita? Komawa haddar ya fi mata sauƙi, kuma ba mai ganewa.

Bayan damina na je kwashe sauran kayana, na biya ta makarantar, na raɓe jikin tagar aji huɗu. Suna ta amsa karatu da ƙarfi. Na kasa kunne ban ji ta a gaba ba. Aji ya kai aya ya yi tsit. Sai wata 'yar murya daga bencin baya, ƙasa-ƙasa, tana ƙarasa layin gaɓa-gaɓa ita kaɗai. Wani ya yi dariya. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.