Baba a Talabijin Ɗin Mai Gida

Ƙarfe goma da minti goma sha bakwai na safiyar wata Litinin abubuwa suka fara lalace mini. Na san lokacin daidai saboda na rubuta shi a littafina, kamar yadda nake rubuta komai. A wannan mintin ne saƙon malamar da ke duba aikina na kammala digiri ya shigo. Ta ce ranar Juma'a da ƙarfe tara kowa zai gabatar da aikinsa ta intanet a gaban malamai uku, kyamara a kunne. An yarda mutum ya duba abin da ya rubuta, amma ita ba ta son ganin tsakiyar kan kowa. Duk wanda ya sunkuyar da kai yana karatu daga farko har ƙarshe, sai dai ya dawo wani zangon.

Ni kuwa tsakiyar kaina kaɗai malaman suka sani. Shekara uku ina wannan kwaleji a Setapak, a ƙasar Malesiya, ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. In mutum uku suka zuba mini ido, ko sunan unguwarmu sai na yi tunani kafin na tuna. Shi ya sa na rubuta jawabina kalma bayan kalma, shafi goma sha ɗaya, har da wuraren da zan ja numfashi. Matsalar ita ce da zarar na buɗe hotunan bayanin aikin, sai su cika fuskar kwamfutar, jawabin ya rasa wurin zama. Na gwada manna takardun a bango bayan kwamfutar. Fanka da damshin garin suka haɗa kai, shafi na huɗu ya faɗo mini cikin shayi.

Lokacin an rufe gari saboda korona. Abokiyar zamana ta tsere gida tun kafin a tsayar da jirage, ta bar ni da gwangwanayen kifi da wani tsohon talabijin na mai gidan da muke haya, irin mai ƙatuwar ƙeya, wanda muke ɗora tukunyar dafa shinkafa a kansa. Na dube shi, sai dabara ta zo mini. In na ɗora shi a bayan kwamfutar, jawabin ya fito a kansa da manyan baƙaƙe, zan riƙa karantawa kaina a ɗage, malamai su zaci su nake kallo.

Da ƙyar na jawo shi kan tebur. A bayansa akwai ramuka uku, ja da fari da rawaya. Ita kuma kwamfutata rami ɗaya gare ta mai faɗi. Na yi awa biyu ina karatu har na gane sai an sa wata 'yar akwati a tsakani, wadda za ta karɓi hoto daga sabon abu ta miƙa wa tsoho. Shagunan kayan lantarki duk a rufe, don haka na yi oda.

Ranar Talata mai gadi ya kira ni. Na sa takunkumi na sauka, na karɓo ƙunshin da yatsu biyu, na feshe shi, na shanya shi a baranda na awa ɗaya. Na jona komai launi da launi. Talabijin ya nuna shuɗi, ya tsaya a kan shuɗinsa. Na karanta takardar da ta zo da akwatin da Turanci, na karanta ta Malay, har ta Sinanci sai da na ƙura wa ido. A ƙarshe na ga wata 'yar alama a jikin akwatin: na sayo wadda ke ɗaukar hoto daga tsoho ta kai wa sabo. Na rubuta a littafi: “Kuskure na ɗaya. Nawa ne.”

Ta biyun ta iso ranar Laraba kafin azahar. Na jona. Talabijin ya yi wata ƙara kamar mai gyaran murya, ya yi ƙifi-ƙifi, sai ga Baba.

Hoton da ke shimfiɗe a fuskar kwamfutata ne, wanda aka ɗauke shi a filin jirgi ranar da zan taho. A kwamfutar ba na ma lura da shi, don fayiloli sun rufe shi har wuya. A talabijin kuwa babu fayil ko ɗaya. Baba ne kawai cikin babbar riga, an matse shi ya yi tsawo ya rame, hularsa ta shige sama, fuskarsa ta yi kore-kore. Baba ba ya yi wa kyamara murmushi. Yana kallona ne kamar yadda yake kallon takardar sakamakon jarrabawa.

A lokacin ina cikin rigar barcin da na kwana biyu a cikinta, kaina ba ɗankwali, ƙafa ɗaya a kan kujera, ina cin taliya daga cikin tukunya. Ban san lokacin da na sauke ƙafar ba. Na tashi na ɗauko zanen atamfa na lulluɓe talabijin ɗin.

Daga nan na tsara yadda zan yi aiki. Zan canza abu ɗaya a kwamfutar, in ɗaga gefen zanen in leƙa, in ga Baba, in saki zanen, in rubuta. Na cire wayoyi na mayar. Na kashe na kunna. Na buɗe jawabin a kwamfutar sau ashirin ko zai bayyana a can, bai bayyana ba. Sai kuma wata matsala ta ƙaru: 'yar kibiyar da maus ke jujjuyawa ta fara ɓata. Da na kai ta gefen dama sai ta shige, in yi ta neman ta, can ta dawo kamar ba ita ba. Na ba ta lamba ta biyu a littafi. Na yi tunanin sauya hoton, amma wannan zai zama canza abu biyu a lokaci ɗaya, kuma gaskiya hannuna ya ƙi cire Baba yana kallo.

Ranar Alhamis da ƙarfe uku na haƙura na kira yayana a Kano, don shi ake kai wa waya in ta lalace a gidanmu. Ya ce in turo hoto. Na tura. Na yi minti guda ba na jin komai sai dariya.

“Ke! Wa ya rage wa Alhaji abinci a Malesiya?”

“Yaya, don Allah. Gobe ne fa.”

“To ki hura ramukan, ki ɗan mare shi ta gefe. Haka muke yi wa namu.”

“Yaya, Baba ne a ciki.”

“Ai talabijin ɗin na ce ki mara, ba Alhaji ba. Bari dai in nuna wa Umma.”

Sauran kiran duk roƙo ne kada ya saka hoton a zauren hirar dangi.

Bayan la'asar na ji an taɓa ƙofar ƙarfenmu ta waje. Maƙwabciyarmu ce, matar wani malami daga Zariya da ke karatun digiri na uku. Tunda aka rufe gari take rataya mini abinci a ƙofa duk Alhamis, ni kuma nakan jira sai ta tafi in ɗauka, in tura mata godiya a rubuce. Ran nan saboda zafi na bar ƙofar katako ta ciki a buɗe, ba wurin ɓuya. Ta tsaya nesa da takunkuminta, leda a hannu.

“'Yar nan, ga ƙunshin abincinki, tapau in ji mutanen garin nan, waina ce. Yau dai na ga fuskarki. Wancan kuma mene ne kika lulluɓe yana haske kamar amarya?”

Da tana kusa, ko kuma ba ta sa takunkumi ba, da ban iya magana ba. Amma rabin fuskarta a rufe, ga ƙarfe a tsakaninmu, sai na ji bakina ya buɗe. Na karanto mata komai daga littafin, tun daga ƙarfe goma da minti goma sha bakwai. Ta saurara har na kai kan kibiyar da ke ɓata.

“Cire zanen.”

“Anti, babana ne a ciki.”

“To ki sa ɗankwali ki cire.”

Na sa, na cire. Ta gaida Baba da ladabi, ta tambaye shi ya hanya. Sannan ta ce in tura kibiyar dama, in ci gaba da turawa, kada in tsaya. Na tura, ta ɓace daga kwamfutar. Na ɗaga ido. Ga ta nan tana tafiya a kan kafaɗar Baba, ta hau gemunsa, ta tsaya a kan hanci. Duk kwana biyun nan can take zuwa, a ƙarƙashin zanen.

“Yara uku nake zaunarwa a gaban kwamfuta kullum, ga ubansu na huɗu,” in ji ta. “Ba abin da ya lalace. Talabijin ɗin ya zama ɗaki na biyu ne, ke ce ba ki kai kaya ciki ba.”

Na tambaye ta a hankali yadda ake kai kayan, da kuma inda zan ajiye jawabin tunda Baba ya cika wurin. Ta rataya ledar a ƙarfen ƙofa, ta gyara mayafi.

“Ki kama takardar ta samanta, ki ja ta dama kamar yadda kibiyar ta bi, ki shimfiɗa ta a kan fuskar Alhaji. Gobe in kin gama sai ki ɗage, ki ba shi haƙuri.”