Farantin Mama Ngozi a Makabartar Kafanchan

Talata, Samaru Kataf

Ƙarfe biyar na asuba na fito, ni da ko kasuwa sai an tura ni. Wasiƙar Mama Ngozi ce ta tashe ni, maƙwabciyata a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan kafin yaƙi ya mai da ita gabas. Fasto ya karanta mini: idonta yana mutuwa, tana so ta ga hoton kabarin mijinta tun tana gani.

Direba ya ce, "Mama Rifkatu, ke ce a mota? Yau za a yi ruwa."

Na ce, "Ja motarka, ɗana."

A Kagoro 'yan sanda suka kwance ƙullina, suka tarar da gyaɗa, na ba su hannu guda.

Kafanchan

Takwas da rabi muka sauka. Na ɗauki Sunday mai hoto, muka nufi makabarta. Ciyawa har ƙirji. Gara ta cinye gicciyen katako, amma na siminti suna nan: wani an yi masa buɗaɗɗen Littafi, wani an zana masa jirgin ƙasa da ƙusa. Awa biyu muna nema, shiru.

Sunday ya ce, "Mama, mu ɗauki wani mai kyau mana. Wa zai gane?"

Na ce, "Wadda ta binne shi."

Can kusa da bishiyar mangwaro na hango ƙyalli. Fasassun tangaran shuɗi ne. Na tuna ranar da aka gina kabarin: magini ya ce babu fenti, Mama Ngozi ta fasa farantinta, muka danna gutsattsarin cikin ɗanyen siminti da yatsunmu.

Sunday ya nome wurin da kansa, ya cusa alli cikin haruffan sunan, ya ce mu jira ƙarfe huɗu, rana ta karkata. Yana leƙa kyamara ya ce, "Shuɗin fa ba zai fito ba, Mama, hoton baƙi da fari ne."

Na ce, "Ɗauka. Farantin aurenta ne, ta san launinsa."

Na kwana gidan ƙanwata, ta yi mini tuwon acca da miyar karkashi.

Laraba

Da hantsi na karɓi hoton, na jefa a gidan waya da hannuna. La'asar na iso gida. Na gode wa Sunday, na gode wa Ubangiji da ya hana ciyawa cinye farantin nan.